Motar Da Babu Wanda Ya Taɓa

Tun da na dawo daga Doha, duk wanda ya shigo shagona, ko ɗinki ya kawo ko karɓa ya zo, sai ya ja benci ya ce, "To Malam Sani, yaya ƙasar take?" Wasu tsayin gidaje suke son ji, wasu zafin rana, wasu kuma hanyar da su ma za su bi su tafi. Nakan ce lafiya lau, in ci gaba da taka keke. Ba rowa ba ce. Abin da ya kai ni ba yawon buɗe ido ba ne, kuma in na fara faɗa da baki ba na kaiwa ƙarshe. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Yayana Lawal direba ne a gidan wani dattijo a Doha, ya shekara da yawa a can. Ciwon zuciya ya kama shi a bakin aiki, bai daɗe a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a can. Mu waya kawai muka samu. Aka yi zaman makoki a Zariya babu gawa, babu wanda ya ɗauki makara. Ranar sadakar uku abokan zamansa suka bugo suna tambayar yadda za a yi da kayansa. Kawu Bala, wanda shi ne babbanmu, ya ce kada a taɓa ko allura, akwai marayu, sai magaji ya zo da ƙafarsa. Duk muka ce haka ne daidai.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Sai da aka watse ta kira ni ɗaki, ta ce, "Ya ce min maigidansa ya ba shi tsohuwar motar, da ita zai dawo. Kabari dai ba zan gani ba. Ka je ka kawo min ita, in ga inda yake zama."

Na ce to. Amma fasfo ya ci lokacinsa, biza ta ci nata, sai ga azumi ya shigo, ɗinkin Sallah na mutane jibge a hannuna. Kafin in tashi watanni sun shuɗe.

Daga Zariya zuwa Kano motar haya na hau, jakata a kan cinya. Inna da matar Yaya sun cika ta da kuka, daddawa, yaji da kilishi, tsarabar abokan zamansa. Wata mata a gefena ta yi ta kare hanci da mayafi, har dai ta kasa daurewa ta ce, "Malam, kasuwa za ka ko biki?" Na ce mata Qatar za ni. Ta ce Allah ya ba mutanen Qatar haƙuri.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. A Addis Ababa aka sauke mu mu canza wani, ga sanyi, ga ni da riga shara-shara. Na hango ayarin masu fararen kaya suna Hausa, na bi bayansu na tsaya a layi, hankalina kwance. Wata dattijuwa ta leƙa takardata ta ce, "Ɗan nan, mu Jidda za mu, Umara. Kai ba nan ne layinka ba." Da gudu na samu nawa.

A Doha na'ura ce ke duba idon mutum. Jami'in ya nuna min wani gilashi, ni kuma na cire hula na sunkuyar da kai, yadda muka saba yi a gaban hukuma. Sai da ya ɗaga haɓarsa sau biyu na gane so yake in kalli abin. Wajen duba kaya aka karɓe kilishin, an ce ba a shiga da nama. Daddawar kuma mutumin ya buɗe ƙullin, ya ja da baya, ya turo min abata da bakin biro.

Mutum biyu suka tarye ni. Malam Tanimu, dattijo ɗan Bauchi, mai gadi ne a wani babban kanti, ba shi da yawan magana. Sabi'u kuwa Bakano ne, direban tasi. Bayan sun yi min gaisuwa mun yi addu'a, Sabi'u ya karɓi jakata ya ce, "Yau Bazazzagi ya hau jirgi. Ina fata ba ka ce a buɗe maka taga ba."

Na ce, "Ai na bar wa Bakano, shi da zai buɗe ya yi talla."

Ya yi dariya ya ce, "Bakin Malam Lawal sak." Daga nan muka shiga tasinsa muka kama hanya.

Masaukinsu yana unguwar Tsohon Filin Jirgi. Babban gida ne da aka rarraba da katako, kowane yanki da mutanensa: Hausawa a nan, 'yan Nepal a can, wasu 'yan Sudan a sama. Ɗakinsu gadaje ne wani bisa wani, ba wurin miƙe ƙafa. Duk da haka gadon Yaya yana nan a gyare, babu wanda ya kwanta a kai tun ranar da ya fita. Akwatinsa yana ƙarƙashi da kwaɗo a jiki, takalminsa na wanka a gefe. Malam Tanimu ya ce, "Ga shi nan yadda ya bari. Kai ne za ka kwana a kai."

Suka kawo shinkafa da kaza irin ta Larabawa, mai busasshen lemon tsami a ciki, faranti ɗaya muka zagaye. Bayanta sai shayi mai kauri da madara, wanda suke kira karak, ana sha da rana tsaka kamar ba zafi ake ba. Na tambayi motar. Malam Tanimu ya ce, "Ci abinci tukuna." Na sake tambaya da yamma, ya ce baƙo hutawa yake fara yi. Na san irin wannan amsar. Da ita ake tarar mutum a gida in an yi rashi yana hanya.

Da safe ya kai ni wani fili a bayan gidan, inda mazauna unguwar ke ajiye motoci. Ya nuna min wani wuri a jikin katanga. Babu komai sai tabon baƙin mai a ƙasa.

Ya ce, "A nan take. Hukumar gari ta ɗauke ta."

A ƙasar nan, in mota ta daɗe a wuri ɗaya, ƙura ta rufe ta, taya ta sace, to a wurinsu yasasshiya ce. Sai su manna mata takarda a gilashi, in ba a gusar da ita ba su zo da babbar mota su ɗauke. Mu kuwa a wurinmu, motar da ke tsaye babu mai taɓawa, ita ce wadda ake riƙe da amanarta.

Malam Tanimu ya ce, "Mun ga takardar. Na bugo wa Kawunku, ya ce abin da ya faɗa tun farko shi ne. Makullin yana cikin akwati, akwati a kulle. Ni ba zan fasa akwatin mamaci ba magajinsa ba ya wurin."

Sabi'u ya ce, "Ni na ce a fasa. Na ce ko wanke ta a bar ni in yi, in ɗan zagaya da ita layi in dawo. Aka ce ni Bakano ne, yau wanki, gobe in sa mata fitilar tasi."

"Ba haka na ce ba."

"Haka idonka ya ce, Malam."

Na tambaye su me ya hana su gaya wa maigidan Yaya, tunda har yanzu sunansa ne a takardun motar. Malam Tanimu ya kalli tabon man. Ya ce, "Mutum ya rasu, mu je ƙofar kafil ɗinsa, wanda ya ɗauke shi aiki, da zancen mota? Me zai ɗauke mu?" Da ni ne a wurinsa, abin da zan yi ke nan.

Muka shirya zuwa gidan dattijon, maigidan Yaya, ni da Malam Tanimu, don shi ke jin Larabci. Jirgin ƙasa muka fara hawa, wanda ke bi ta ƙarƙashin gari, muka canza wani a Mushairib. Tashar kamar gari guda ce a binne, matakala na tafiya da kanta. Ina ganin ƙofa ta buɗe na faɗa, ashe taragon mata da iyalai ne. Wani ma'aikaci ya zo da ladabi ya nuna min na gaba. Jirgin ba shi da direba. Na leƙa gaba na tabbatar, babu kowa, gilashi ne kawai da yara suna kallon hanya. Daga inda muka sauka muka hau bas zuwa unguwarsa, Madinat Khalifa.

Dattijon, Bu Nasir suke kiransa, ya tarye mu a ɗakin baƙi, ya riƙe hannuna da hannu biyu bai saki da wuri ba. Aka zagayo da turaren wuta, aka kawo dabino da gahawa a ɗan ƙaramin kofi. Ina shanyewa in miƙa, mai zubawa ya ƙara. A gida an koya mana ba a mayar da abin da babba ya bayar, don haka na yi ta sha, ga ɗaci, kofi bayan kofi. Malam Tanimu ya matso ya ce a hankali, "Girgiza kofin. In ba ka girgiza ba, har la'asar zai yi ta zubawa."

Da aka ambaci motar, kafin mu kai ga faɗin abin da ya faru, dattijon ya gyara zama. Malam Tanimu yana fassarawa, ni ina saurare.

Ya ce yana saurayi ya yi aiki da 'yan Koriya masu gine-gine, har wata shekara suka gayyace shi ƙasarsu. A can ya fara ganin irin motar, ƙirarta ta farko. Baƙa ce, doguwa, mai kusurwa huɗu kamar an yanka ta da wuƙa, kuma a lokacin da taimakon Japanawa suke ƙera ta. Manyan ƙasar ne kawai ke hawa, in ta tsaya a ƙofar otal sai ka ga ana rusunawa. Ta biyu ta zo an ɗan zagaye kusurwoyin. Ta uku ce 'yan Koriya suka yi da hannunsu su kaɗai, ita ya fara saya. Abokansa masu motocin Jamus suka yi masa dariya, suka ce ya sayo kwaikwayo. Ya ce musu ya ga yadda mutanen nan ke aiki a rana, ba su san gajiya ba, su jira su gani.

"Ta huɗu ita ce ta Lawal," in ji shi. Da ita Yaya ya fara aiki a gidan. Faffaɗa ce, ba ta da hayaniya, kujerun baya kamar na falo. Ta biyar ta zo da lanƙwashe-lanƙwashe a jiki kamar iska ta busa yashi, samari suka fara waiwayenta. Ta shida aka cika ta da na'urori, tana ƙara in ka kauce layi, tana taka birki da kanta. Dattijon ya yi murmushi ya ce Yaya ya yi fushi da wannan, ya ce shekara nawa yana tuƙi, yau mota ce za ta yi masa gyara. Duk lokacin da sabuwa ta fito yakan mayar da tsohuwar ya karɓi sabuwar. Ta huɗun ce kawai bai mayar ba, don a cikinta Yaya ya yi ta kai marigayiya matarsa asibiti har ta rasu. Da ya ga ba ya iya shiga cikinta, kuma ba ya iya sayarwa, sai ya ba Yaya makullin.

Sannan ya tambaya, "Tana lafiya? Yaushe za a sa ta a jirgin ruwa?"

Malam Tanimu ya gaya masa. Dattijon ya kalle shi, ya kalle ni. Ya ce wani abu gajere.

Na ce, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi, ai ƙofar nan ba a rufe take ba."

Ya kira ɗansa Nasir. Nasir ya duba wayar uban, ga saƙonnin gargaɗi nan a jere cikin tarin tallace-tallace, dattijon ba ya karanta saƙo. Ya ce, "Yalla," wato mu je, ya ɗauko makulli.

A nan na ga ta bakwai, sabuwar da Yaya ya tuƙa watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Fitilarta zare ɗaya ne na haske daga wannan gefe zuwa wancan. Na tsaya ina shafa ƙofa ina neman mariƙi, babu, sai da Nasir ya matso abin ya fito da kansa daga jikin ƙarfen. Giyarta ma ba a ƙasa take ba, a jikin sitiyari take. Nasir ya ce masu ƙera ta da gangan suka mayar da wasu abubuwanta kamar na ta farkon, don tunawa. Na buɗe baya zan shiga, don a ganina gaba wurin manya ne a motar da mai ita ke tuƙawa. Malam Tanimu ya ja rigata ya ce, "Shiga gaba. In duk muka zauna baya, mun mayar da shi direbanmu." Tun rasuwar Yaya ba su ɗauki wani direba ba.

Wurin da ake tara motocin yana bayan gari, fili ne iya ganinka. Nasir ya shiga ofis ya daɗe. Da ya fito bai kalle ni ba, Malam Tanimu ya yi wa magana. Wa'adin karɓa ya wuce. An haɗa ta da wasu an sayar wa 'yan gwangwan. Ba a fi mako biyu ba, in ji su.

Nasir bai ce khalas, wato shi ke nan, ba, Allah ya saka masa. Ya bi sawu har unguwar masu gyara da masu fasa motoci, shago bayan shago. A wani yadi, filin da ake fasa motoci, muka sami wani ɗan Sudan, da ya ji muna magana sai ya ce, "Sannunku da zuwa," da wata irin Hausa ta tsofaffi. Kakanninsa daga ƙasarmu suka tashi za su Makka a ƙafa, suka tsaya a hanya. Ya duba lambar, ya kai mu can ƙarshen yadi.

Tana nan a kan bulo. Babu inji, babu tayoyi, babu ƙofofi, an cire fitilu da gilasai, an kwashe kujerun baya. Ba abin da za a sa a jirgin ruwa. Kujerar direba ce kawai ta rage, don fatarta ta tsage, ba mai saya.

Ɗan Sudan ɗin ya ce, "Ta wa ce?"

Na ce, "Ta yayana."

Ya ce, "Shiga ka zauna. Ba mai korarka."

Na zauna. An tura kujerar can baya, ƙafata ba ta kai inda birki yake ba. Gefen hagu ya lotsa sosai fiye da na dama, har sai da jikina ya karkata. A saman, inda kai ke jingina, fatar ta yi baƙi tana sheƙi. Ban san iya lokacin da na yi ba. Su ukun suka koma inuwa suka juya min baya. Da na fito na yi wa mutumin godiya, muka tafi. A raina mota aka aiko ni, kuma babu mota.

Washegari aka kai ni maƙabarta. Tasu a shimfiɗe take, kaburbura a jere da lamba, babu itace ko ɗaya. Na yi masa addu'a, na gaya masa yara suna lafiya. Dattijon ya sake kirana, ya ba ni turare da dabino in kai wa Inna, ya ce in roƙa masa gafararta. Na buɗe akwatin a gaban Malam Tanimu da Sabi'u. Tufafi ne, da atamfa biyu da ya saya bai kai ga aikowa ba, da makullin motar a cikin hula. Ranar tafiyata Sabi'u ya yi tuwon semo da miyar kukar da na kawo, 'yan Nepal suka buɗe tagoginsu saboda daddawa. A filin jirgi ya rungume ni ya ce, "Ka gaida Zagezagi. Ka ce wa Inna laifinmu ne." Malam Tanimu ya ce, "Nawa ne. Kada ka raba."

Na isa Zariya da la'asar. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, ta sa aka kawo min ruwa. Ba ta kalli ƙofar gida ba, daga yadda na shigo ta gane. Na gaya mata komai, ban rage ba. Da na zo kan Malam Tanimu ta ce, "Mutumin kirki ne. Abin da aka ce masa ya yi."

Sannan ta ce, "Amma ka gan ta?"

"Na gan ta, Inna. Har na zauna a kujerarsa."

"Yaya take?"

Na gaya mata yadda aka tura ta baya, da yadda gefen hagu ya lotsa.

Ta ce, "Haka yake zama tun yana yaro. A karkace. Na yi faɗa har na gaji." Ta murza bakin zanenta. "To ina kujerar?"

Na ce, "Tana can."

"Sun hana ka?"

"A'a. Ban tambaya ba."

Ta ce, "Ni ina zan je da mota, Sani? Inda yake zama na ce."

Da na tambaya, da ɗan Sudan ɗin zai ba ni ita kyauta, da hannunsa zai kwance min. Na fita zaure na kira Sabi'u, Malam Tanimu ya yi masa kwatance, ya bar aikinsa ya tafi yadin a ranar. Bayan sallar magariba ya bugo. Ya ce an riga an matse gangar jikin an loda a babbar mota, da kujerar da komai.

Na koma ciki. Inna ta idar da salla tana zaune, ta ɗago ta kalle ni. Na girgiza kai. Ta ce, "To. Zo ka sake gaya min yadda take. A hankali."

Na zauna a bakin tabarmar, na fara daga gefen hagu.